Kun Tambaya, Mun Amsa: Kwalbar da Aka Kawo wa Maigida Tsaraba daga Italiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da dukkan ma'aikatan wannan mujalla. Maigidana dillalin fata ne, ya daɗe yana hulɗa da wani Bature ɗan Italiya da ke sayen kirgi a hannunsa. A zuwansa na bana ya kawo masa tsarabar wata kwalba mai duhu cikin kwali mai kyau, ya ce ruwan inabi ne na gonar danginsu, oganik ne, ba a zuba masa takin zamani ko maganin feshi ba, kuma irin inabin ma ba a samunsa ko'ina a duniya sai a yankinsu. A jikin takardar kwalbar akwai hoton wani koren ganye da aka zana da taurari, da kalmar Schioppettino da manyan baƙaƙe, sannan can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta 13% vol da 750 ml. Ƙanin maigidana ya ce tunda oganik ne to babu barasa a ciki, irin wanda ake ajiyewa a teburin amare ne, har ma ya ce ya ji ana cewa jan ruwan inabi maganin ciwon zuciya ne. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, na ɓoye ta a saman kwaba. Don Allah a warware mana.

Daga wata uwargida, unguwar Gwammaja, Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin a buɗe. Zan fara da ƙarshen zancen domin hankalinki ya tsaya wuri ɗaya: abin da ke saman kwabarki giya ce, kuma giya mai ƙarfi. Baturen bai yi wa maigidanki ƙarya ba, domin duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya, sai dai kalmomin da ya yi amfani da su suna bayani ne a kan gona da kuma irin da aka shuka, ba su taɓa abin da ya faru da ruwan bayan an matse shi ba. Wannan kuwa ƙananan baƙaƙen nan ne suka faɗe shi. 13% vol na nufin kashi 13 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar tsantsar barasa ce, wato kusan mililita 98 a cikin 750. Giyar kwalba da aka saba gani Hisba tana farfasawa yawanci kashi 5 cikin ɗari take ɗauke da shi, saboda haka wannan kwalba ɗaya ta fi manyan kwalaben giya uku barasa.

Inda ruɗanin yake shi ne a harshenmu, domin da abin da aka matse yanzu da wanda ya shekara a ganga duka muna ce musu ruwan inabi, alhali su masu yin sa suna da suna daban ga kowanne. Idan kika sayi inabi a kasuwar 'Yan Lemo kika duba ƙwayar da kyau kafin ki wanke, za ki ga wani farin toka-toka a bayan ɓawon, wanda yake gogewa idan kika murza da yatsa. A kan ɓawon nan, da cikin iskar gona da ta ɗakin matsa, akwai ƙwayoyin yis, 'yan'uwan wanda kike zubawa a ƙullin waina ko na fanke. Da zarar an farfasa inabi ruwansa ya haɗu da su, sai su kama cin sukarin da ke ciki suna mayar da shi barasa da iska, ruwan ya riƙa kumfa yana ɗumi kamar an hura masa wuta. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zaƙin ya tafi, barasa ta maye gurbinsa. Wajen giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da kashi ɗaya na barasa, don haka ruwan da ya kai kashi 13 ya fara ne da sukarin da ya haura giram 200 a lita. Ba sai an zuba wani sinadari ba, kamar yadda dawar da aka tsima ba ta buƙatar komai daga kanti kafin ta zama burukutu. Wanda ya noma dawarsa da kashin shanu kaɗai, bai taɓa yi mata feshi ba, idan ya kai ta gidan masu dafa burukutu, abin da zai fito burukutu ne.

Jan launin ma yana da nasa bayanin. Ruwan cikin mafi yawan baƙin inabi fari ne garau, launin yana cikin ɓawo. Masu yin jar giya sukan bar ɓawon da 'ya'yan su jiƙu a cikin ruwan tsawon kwanakin da yake tsimuwa, barasar da ke fitowa ita ce ke taimakawa wajen zuƙo launin da kuma baurin nan mai kama harshe irin na ɗanyen goro. Daga nan a tace, a zuba a gangunan katako ko na ƙarfe na watanni ko shekaru, sannan a ɗura a kwalba.

Yanzu kalmar oganik. Koren ganyen nan mai taurari tambarin Tarayyar Turai ne, wanda aka fara amfani da shi a 2010, kuma ba a yarda kowa ya manna shi ba sai wanda masu bincike suka ziyarci gonarsa suka tabbatar da cewa ba ya zuba takin zamani, ba ya fesa maganin ciyawa ko na ƙwari irin na masana'anta. Kada a ɗauka cewa ba a fesa komai. Kurangar inabi tana da saurin kamuwa da fumfuna, saboda haka dokar ta ƙyale a fesa farar wuta da kuma wani shuɗin haɗi na tagulla da farar ƙasa, wanda aka gano amfaninsa a yankin Bodo na Faransa a shekarun 1880. Sai a 2012 Tarayyar ta fitar da ƙa'idar da ta shafi aikin cikin ɗakin matsa, kuma babban abin da ta taɓa shi ne sinadarin salfait da ake zubawa don kada giyar ta lalace: jar giya marar zaƙi ta gama-gari an yarda ta kai miligiram 150 a lita, ta oganik kuwa aka tsayar da ita a 100. A Amurka sun fi tsanantawa, sun hana ƙara salfait ɗungurungum ga duk wadda za a kira giyar oganik. Kin ga dai duk gardamar a kan taki ce da feshi da maganin adanawa. Babu inda ƙa'idar ta ce a rage barasa ko da ɗigo ɗaya.

Batun irin inabin shi ne ya fi ba ni sha'awa a wasiƙarki, kuma a nan ina ganin Baturen ya cancanci a fahimce shi, domin a wurinsa abin alfahari ya ɗauko. Schioppettino baƙin inabi ne na yankin Firiyuli a arewa maso gabashin Italiya, dab da iyakar Silobeniya, musamman kewayen wani ƙaramin gari mai suna Prepotto. An san shi a wurin shekaru aru-aru, masana kuma suna yaba shi da wani ƙamshi mai kama da na masoro. Abin da ya kusa kashe shi wata annoba ce da ta faɗa wa gonakin inabin Turai tun daga shekarun 1860, lokacin da wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Arewacin Amurka a jikin dashen da aka kawo ta jirgin ruwa. Ƙwaron yana cin saiwa ne a ƙarƙashin ƙasa, manomi ba ya ganin komai sai ganye ya fara yin rawaya, bayan shekara biyu ko uku kurangar ta bushe. Ya bi Faransa ya cinye kaso mai yawa na gonakinta, ya tsallaka Sifaniya da Fotugal da Italiya. Maganin da aka samu a ƙarshe abu ne da kowane mai lambun mangwaro a Kano ya sani, wato aure: a ɗauki saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura mata reshen inabin Turai a sama. Har gobe mafi yawan gonakin inabin duniya a kan irin wannan saiwa suke tsaye.

To, da aka zo sake dashe, manomin da ya yi shekaru ba girbi, ga bashi a wuyansa, ba zai tsaya neman irin kakanninsa ba. Zai nemi wanda ke da yawan 'ya'ya kuma yake da kasuwa, galibi irin Faransa kamar Merlot da Cabernet. Haka ɗaruruwan irin gida suka faɗi ƙasa. Shi Schioppettino abin ya kai ga ba ya ma cikin jerin irin da hukuma ta amince a dasa a yankinsa na asali, har sai a shekarun 1970 da wani manomi mai suna Paolo Rapuzzi ya bi tsofaffin gonaki da bayan gidaje yana tsinto ragowar kurangun, waɗanda duka-duka ba su kai ɗari ba, ya yaɗa su a gonarsa, aka yi ta kai ruwa rana da hukuma kafin a halatta shuka shi. Labarin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ana ƙiyasta cewa akwai irin inabi kusan 10,000 a duniya, amma ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da harkar inabi ta nuna a 2017 cewa iri 13 kacal sun mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan gonakin inabin duniya, iri 33 kuma sun cinye rabi. Ƙasar Jojiya da ke yankin Kokesas, inda aka tono tsofaffin tuluna masu alamar giyar inabi da suka kai wajen shekara 8,000, tana da irin gida fiye da 500, amma kaɗan ne daga cikinsu ake nomawa don kasuwa. Turkiyya ma tana da nata, irin su Kalecik Karası na kusa da Ankara, wanda shi ma saura ƙiris ya ɓace.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ciwon namu ne. Ina yaro, kakata tana da wata ƙwarya mai murfi da take rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke bugunta, a ciki take ajiye irin wani wake mai jan ido da ba ta yarda a taɓa shi ko da yunwa ta kai inda ta kai, sai damina ta faɗi ta kwance ta raba wa 'ya'yanta tafi-tafi. Bayan rasuwarta aka koma sayen iri mai saurin nuna a leda, kuma yau duk cikin danginmu babu mai ƙwaya ɗaya ta waken nan. Wanda ya san daɗin tuwon ƙaura ko na farfara, ya kuma ga yadda ake ture su saboda sababbin iri, zai gane abin da ya sa mutum zai shafe shekaru yana bin kurangu saba'in ko tamanin don kada sunansu ya mutu. Wannan himma abar koyi ce. Ita dai ba ta canza wa tuwo suna.

A ɓangaren addini ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da kika riga kika sani daga aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Sai dai akwai wani hadisi a Sahihu Muslim da ya yi daidai da halin da gidanki ke ciki. Wani mutum ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar salkar giya, bai san an haramta ba. Da aka sanar da shi, sai ya yi wa wani raɗa cewa a je a sayar, Annabi ya gaya masa cewa wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita, nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Saboda haka shawarar a sayar a Sabon Gari a ba marayu kuɗin, ko a ajiye wa wani baƙo wanda ba Musulmi ba, kada ma a fara ta. A littafin dai an ruwaito cewa an tambayi Annabi ko a mayar da giya khal, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, ya ce a'a. A tuna kuma cewa tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan a 2000, ajiye irin wannan kwalba a gida na iya jawo wa maigida maganar da bai shirya mata ba. A buɗe ta a tsiyaye a makwarara, a bi da ruwa.

Maganar ciwon zuciya kuwa, ƙanin maigidanki bai ƙirƙira ba, ta yi tashe sosai a shekarun 1990, lokacin da aka lura cewa Faransawa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wasu suka jingina hakan ga jar giya da wani sinadarin ɓawon inabi mai suna resberatirol. Binciken da ya biyo baya ya rage wa wannan zance ƙarfi ƙwarai, domin sinadarin da ke cikin kofi ɗaya bai taka kara ya karya ba, kuma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Tun 1988 ma aka sanya abin sha mai barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Mai son abin da ke cikin ɓawon inabi ya ci inabin da ɓawonsa, ko ya sayi zabibi.

Saura Baturen. Ina ganin bai kamata a ɓata da shi ba, domin a al'adarsu wannan kyauta ce ta girmamawa, irin yadda za ki ɗinka wa baƙo babbar riga mai aiki. Maigida ya yi masa godiya, ya gaya masa a fili cewa mu ba ma sha kuma ba ma bayarwa, ya ce idan zai sake zuwa ya riƙo man zaitun na yankinsu ko busasshen inabi. Waɗanda suka saba hulɗa da Musulmi ba sa jin haushin wannan, sau da yawa ma kunya suke ji da ba a gaya musu tun farko ba.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni mai shirya wurin biki ce, kuma kusan kowace amarya tana son a jera mata dogayen kwalaben nan masu takardar gwal a wuya, waɗanda ke yin ƙara idan an buɗe. Masu kanti suna ce mana babu barasa. Yaya zan tabbatar?

Daga wata mai karatu, Zoo Road, Kano.

AMSA

Barka kadai, 'yar'uwa. Kama da wane ba ta wane, kwalaben nan iri biyu ne ko da yake sifarsu ɗaya. Na farko ruwan inabi ne ko na tuffa da aka dafa shi sama-sama don a kashe yis ɗin tun bai fara aiki ba, aka ɗura masa iska irin ta lemon kwalba. Wannan bai taɓa zama giya ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ake gani a bukukuwanmu. Na biyu giya ce sosai da aka gama tsima ta, sannan aka cire barasar da inji, ko dai ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta hanyar tacewa. A ƙa'idar Tarayyar Turai ana kiranta wadda aka cire wa barasa matuƙar abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato 0.5%. Malamai da dama ba su yarda da wannan nau'i na biyu ba saboda asalinsa, majalisar fatawa ta Malesiya ma ta haramta abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi ko da an cire barasar daga baya.

Kada ki dogara da bakin mai kanti, shi ma sau da yawa abin da dila ya gaya masa yake maimaitawa. Juya kwalbar ki karanta bayanta. Idan jerin kayan haɗin ya fara da ruwa da ruwan inabi da sukari, ga lambar NAFDAC, ga 0.0%, to nau'in farko ne. Idan kika ga an ambaci cire barasa, ko aka rubuta 0.5%, ki mayar. Idan kuwa lambar da ke gaban alamar kashi ta kai 5 ko 7 ko 11, kuskure aka yi aka haɗo miki da ainihin giya, kuma hakan na faruwa idan kaya suka zo a katan ɗaya daga Legas. Ki riƙa duba kowace kwalba da kanki kafin yaranki su jera, ba ta saman katan kaɗai ba.

TAMBAYA

Malam, na matse inabi na ajiye wa yara a jarka, bayan kwana biyu babu wuta, na buɗe ya yi tsit kamar lemo, ɗanɗanonsa ya fara canzawa. Ya halatta a sha?

Daga wani magidanci, Ɗorayi, Kano.

AMSA

Malam, ƙarar da ka ji iskar da yis ke fitarwa ce, alamar aikin da na bayyana wa Hajiya a sama ya kankama, kuma a zafin Kano na watan Afrilu ba ya buƙatar kwana biyu ma. An ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar, malamai kuma suka ce ma'aunin shi ne kada ya fara kumfa da kauri. Naka ya fara, don haka ka zubar, ka wanke jarkar da ruwan zafi. Nan gaba ka matse daidai wanda za a shanye a wunin, ko ka tafasa shi 'yan mintuna ka ɗura a kwalba mai tsabta tun da zafinsa, wanda kuma zai kwana ya kwana cikin ƙanƙara.